Tumatir Ba Ya Cin Ƙasa: Raddi Ga Masu Zargin Noman Rumfa

Tun da rumfunan leda da raga suka fara bayyana a bayan garin Abuja da Jos da Kaduna da Kano, ana fito da tumatir da kokwamba da jan tattasai daga cikinsu ko da tsakiyar damina ce, wata magana ta yaɗu a tsakanin jama'a. Maganar ita ce duk abin da aka noma ba a cikin ƙasa ba, ba abincin kirki ba ne. Masu wannan ra'ayi suna cewa ƙasa ce uwar tsiro, daga gare ta yake samun ƙarfi da ɗanɗano da albarka. Shukar da aka raba da ƙasa, aka rene ta da ruwan sinadari a cikin bututu ko buhu, a ganinsu kemikal ce zalla: ba ta gina jiki, ba ta daɗin miya, kuma wataƙila tana cikin abubuwan da ke jawo cututtukan zamani. Wasu sukan ƙara da cewa irin da ake shukawa a rumfa wanda aka jirkita wa halitta ne. Wasu kuma suna kallon sana'ar a matsayin shisshigi cikin tsarin da Allah Ya shimfiɗa.

Masu faɗin haka ba jahilai ba ne, kuma ba ƙeta ce ta sa su ba. Manomi ya san jigawa daban, fadama daban; ya san gonar da shanu suka yi wa zaman garke ba ta haɗa amfani da wadda aka bari ta tsotse. Uwargida kuma ta ji labarin ayaba da mangwaron da ake nunarwa da kabaid ɗin masu walda, da waken da ake barbaɗa wa maganin ƙwari kafin a ɗinke buhu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Taka-tsantsan da abin da za a kai baki hali ne mai kyau, kuma ba shi nake ja da shi ba.

Abin da nake ja da shi shi ne inda aka ɗora laifin. Lafiyar kayan lambu ba ta rataya ga samuwar ƙasa ko rashinta ba. Ta rataya ga tsabtar ruwa, da daidaiton abincin shuka, da yadda ake feshi, da ƙwarewar hannun da ke reno. Kafin mu shiga hujjoji, a lura cewa ba kowace rumfa ce ta rabu da ƙasa ba. Da yawa a cikin ƙasa suke shuka, rufi kawai aka yi musu. Maganarmu a kan tsarin da ake kira haidurofonik ne, wanda ya kasu gida biyu: ko saiwa ta zauna a cikin ruwa mai ɗauke da abincinta, ko ta zauna a buhun da aka cika da zaren ɓawon kwakwa, ko ɓuntun shinkafa, ko yashi, ana ɗiga mata ruwan ta siririn tiyo.

Me shuka ke ɗauka daga ƙasa?

Tushen zargin gaba ɗaya shi ne zaton cewa shuka tana cin ƙasa, wato jikin tumatir ƙasa ce da ta rikiɗa. An gwada wannan zato tun ƙarni na 17. Jan Baptist van Helmont, masani daga yankin da ake kira Beljiyam a yau, ya auna busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90 ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan icen da nauyinsa kilo 2 ne da 'yan kai, ya yi shekara 5 yana ba shi ruwa kawai. Da ya tuge icen ya auna, sai ya tarar ya kai wajen kilo 77. Ƙasar kuwa, da ya sake busar da ita, abin da ta rasa bai kai giram 60 ba. An buga sakamakon a 1648. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama ice, domin a zamaninsa ba a san aikin iska ba. Waɗanda suka biyo baya ne suka gano cewa ganye yana zuƙar iskar kabon, ya haɗa ta da ruwa da ƙarfin hasken rana ya ƙera sukari, kuma da wannan sukari ake gina kara da ganye da 'ya'ya. Idan aka busar da shuka ƙayau, fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinta daga iska da ruwa ya fito.

Ɗan abin nan da ƙasar ta rasa shi ne ma'adinai. Masana sun ƙidaya guda 14 da shuka ba ta rayuwa sai da su. Shida tana buƙatarsu da yawa: naitirojin, fosfaras, fotasiyam, kalsiyam, maganisiyam da farar wuta. Sauran, irin su ƙarfe da tutiya da jan ƙarfe da boron, ƙanƙani take so. Saiwa ba ta iya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu sai ya narke a ruwa. Shi ya sa manomin da ya zuba taki a busasshiyar gona ba ya ganin komai sai an yi ruwa. Ke nan ko a gonakin Kadawa, abin da tumatir ke sha ruwa ne mai narkakkun ma'adinai. Ƙasa rumbu ce, kuma hatsin da ke ciki ake ci, ba rumbun ba. Aikinta uku ne: ta riƙe saiwa, ta adana ruwa da ma'adinai, ta bar iska ta kai ga saiwar. Duk abin da ya iya waɗannan ukun zai rayar da shuka.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wajen 1860, Jamusawa biyu, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka rene tsirrai a cikin ruwan da suka narka ma'adinai a ciki, ba ko ƙwayar ƙasa. A 1929 William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya fara kiran a fitar da dabarar daga ɗakin gwaji zuwa noman abinci, kuma ya rene tumatirin da tsawonsa ya haura mita 7. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun noma latas da tumatir da kokwamba a kan tsakuwa a tsibirin Ascension, inda ƙasar noma ta yi ƙaranci. Shekara kusan 100 ke nan mutane suna cin wannan abinci.

Batun kemikal

Hujjar da ta fi nauyi a zukatan mutane ita ce ai ruwan da ake bai wa shukar sinadari ne. Haka ne. To, amma me ke cikin buhunan yuriya da kamfa da ake lodawa zuwa Kura da Bunkure da Danja kowace shekara? Tumatirin kwandon da muke saya a Kwanar Gafan da 'Yankaba da su aka rene shi, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba abinci ba ne. Ko takin gargajiya ma ba ya shiga shuka a matsayin kashin shanu. Sai ya ruɓe, ƙananan halittun ƙasa sun warwatsa shi, naitirojin ɗin da ke ciki ya koma siffar da saiwa ke iya zuƙa. Abin da ya isa saiwa iri ɗaya ne, ko daga garke ya taso ko daga masana'anta, kuma shuka ba ta da hanyar bambancewa. Falalar takin gargajiya gaskiya ce: yana sassauta ƙasa, yana sa ta riƙe damshi, yana raya halittun cikinta. Amma ƙasa yake gyarawa. Ba ya zuba wani sirri a cikin 'ya'yan tumatir.

Guba a kayan abinci tana da ƙofofi sanannu, kuma rashin ƙasa ba ya cikinsu. Ƙofa ta farko maganin ƙwari ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa, kuma wannan wake a ƙasa aka noma shi. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin sarrafa tumatir na Kadawa kuma ya tsaya don rashin kaya. Wanda ya ga yadda ake yaƙar sharon a fili ya san feshi ake yi a kan feshi, wani lokaci a tsinke kaya tun maganin bai sake shi ba. Rumfar da aka rufe da raga mai ƙananan idanu, mai ƙofa biyu, tana tare yawancin waɗannan ƙwari tun daga waje. Buhun zaren kwakwa ba ya fitar da ciyawa, don haka ba a neman maganin ciyawa. Cutar da ke sa tumatir ya yanƙwane farat ɗaya da damina, da tsutsar da ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, duk a ƙasa suke kwana. Wanda ya ɗaga shukarsa daga ƙasa ya rage haɗuwa da su.

Ƙofa ta biyu ruwa ne. A Kano an daɗe ana ban ruwan alayyahu da latas da ruwan Jakara da Getsi, wanda ke kwaso ƙazantar gari da ta masana'antun Bompai, kuma bincike da dama ya nuna guba irin ta ƙarafa a ƙasar wurin da kayan da ake nomawa. A nan ƙasa ba ta tsarkake komai ba, tara gubar ma take yi. Mai noma ba ƙasa kuwa dole ne ya nemi ruwa mai tsabta, ba don ya fi kowa tsoron Allah ba, sai don ruwa mai datti yana toshe masa tiyo ya ruɓar masa da saiwa cikin 'yan kwanaki.

Wannan ba ya nufin rumfa ta kuɓuta daga kowane aibi. Mai rumfa marar lura zai iya wuce gona da iri wajen feshi. Latas ɗin da aka cika wa naitirojin yakan tara shi a ganye, a ƙasa aka shuka shi ko a ruwa. A 2021 an samu ɓarkewar cutar salmonela a Amurka, aka bi sawunta har zuwa wata rumfar latas da ke noma ba ƙasa. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma su ne dalilin da ya sa ake wanke kayan lambu ko daga ina suka fito. Amma a duba da kyau: kowane ɗayansu laifin hannu ne da sakaci, ba laifin rashin ƙasa ba.

Gina jiki da ɗanɗano

Ana cewa tumatirin rumfa ba shi da bitamin, tunda bai sha daga ƙasa ba. Ƙasa ba ta bai wa tumatir bitamin. Shukar ce ke ƙera bitamin ɗinta da kanta, da sinadarin da ke sa 'ya'yanta ja. Abin da ke ƙara su ko ya rage su shi ne nau'in iri, da yawan hasken rana, da zafi, da matakin nunar da aka tsinke kayan. Misali, idan zafi ya wuce digiri 30 da 'yan kai, tumatir yakan kasa yin ja sosai ya tsaya a ruwan ɗorawa, a gona yake ko a rumfa.

An gwada wannan tun da daɗewa, kuma waɗanda suka gwada ba 'yan talla ba ne. Dennis Hoagland da Daniel Arnon, su ma na Jami'ar Kalifoniya, sun fitar da rahoto a 1938, aka sabunta shi a 1950, da nufin rage zuzutawar da jaridu ke yi wa noman ruwa. Sun kwatanta tumatirin da aka rene a ƙasa mai kyau da wanda aka rene a yashi da wanda aka rene a ruwa, a yanayi guda. Ba su ga wani bambancin a zo a gani ba a ma'adinai ko bitamin. Hukuncinsu ya sari ɓangare biyu: tumatirin ruwa bai fi na ƙasa ba, kuma bai gaza shi ba.

Batun ɗanɗano yana da tarihi. A farkon shekarun 1990 Jamusawa sun guji tumatirin Holan, suna cewa ruwa ne tsululu ba daɗi. Ƙorafinsu gaskiya ne, amma manoman Holan ba su koma ƙasa ba. Sun sauya iri, sun bar kaya suna nuna a jikin reshe, sun gyara ma'aunin abincin shuka, kasuwa ta dawo. A yau kusan dukkan tumatir da kokwamba da tattasan rumfunan Holan a kan wani abu mai kama da auduga ake renonsu, wanda ake sarrafawa daga narkakken dutse, kuma ana sayar da su a kasuwannin Turai masu tsananin bincike a kan ragowar magani. Sananne ne a wurin masu sana'ar cewa idan aka ɗan kaurara ma'adinan ruwa, tumatir yakan rage girma ya ƙara zaƙi. Wato ɗanɗano abu ne da mai reno ke iya juyawa. Tumatirin da aka tsinke ɗanye don ya jure tafiya zuwa Legas ba zai yi daɗin wanda ya nuna a kan uwarsa ba, ko da a fadamar da ta fi kowace kyau aka shuka shi.

Batun iri

Hanyar reno daban, iri daban. Ana iya ɗaukar irin tumatir na UTC ko Roma, ko irin da kaka ta adana a ƙullin tsumma, a shuka a buhun ɓuntu ya yi. Haka kuma nau'o'in da aka sauya wa ƙwayar halitta waɗanda hukuma ta amince da su a Najeriya, kamar waken SAMPEA 20-T na 2019 da masarar TELA ta 2024, a fili ake shuka su, a cikin ƙasa. Wanda ke da ja a kansu yana da filin muhawararsa, amma ba wannan ba ne. Yawancin irin da ake amfani da shi a rumfa haibirid ne, wato an ɗauki garin furen wani nau'in tumatir an sa wa wani, aikin da ƙudan zuma da iska ke yi wa tsirrai tun fil'azal. Kyan ganin da kayan rumfa ke da shi, wanda ke sa wasu su ce kamar na roba, dalilinsa a fili yake: ruwan sama bai doke su ba, ƙwaro bai huda su ba, ba su kwanta a taɓo ba, kuma an tsince su kafin a kawo kasuwa.

Shisshigi ne?

Wanda ya tsaya a bakin kududdufi ya kalli kainuwa ya ga amsar. Saiwarta tana reto a cikin ruwa, ba ta taɓa ƙasa, kuma tana yaɗo har ta rufe tafki. Hausawa da kansu suka yi mata kirari da dashen Allah. Kauci ma a kan reshen bishiya yake rayuwarsa. Tsiro ba tare da ƙasa ba yana cikin halitta tun kafin wani masani ya lura da shi.

Sa hannun ɗan Adam a harkar shuka kuwa shi ne noma baki ɗaya. Mun tare ruwa a Tiga muna noman rani a watan da ba ɗigon ruwan sama. Muna yi wa mangwaro da lemo aure. Muna renon iri a wuri guda mu cire mu dasa a wani. Ba wanda ya kira waɗannan shisshigi. Mai rumfa bai ƙirƙiri ƙwaya ba, ba shi ke tsaga ta ta tsiro ba, ba shi ke fito da rana ba. Sababi ya riƙa kamar kowane manomi, saura kuma yana hannun Mai Duka.

A duba kuma waɗanda dabarar ta amfana. A sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke Tindouf a Aljeriya, inda hamada ba ta karɓar shuka, wani injiniya ɗan sansanin mai suna Taleb Brahim ya ɓullo da hanyar tsirar da sha'ir a faranti, cikin mako guda ya zama ɗanyar ciyawar awaki. Hukumar samar da abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki dabarar ta kai wasu wurare, har da gabashin Cadi inda 'yan gudun hijirar Sudan suke. A Ibadan, cibiyar binciken noma ta IITA tana ninka irin doya da na rogo marasa cuta ta hanyoyin da ba ƙasa a ciki, sannan a kai wa manoma su dasa a gona. Dashen tumatirin da ake reno a faranti mai ramuka, wanda manoman rani da dama suka fara saye, shi ma mafi yawa ba a ƙasa ya tsiro ba.

Inda masu shakka suka yi gaskiya

Adalci ya wajabta a faɗi iyakar abin. Noma ba ƙasa ba zai ciyar da mu da gero da dawa da masara ba. Kuɗin da zai ci ya fi ƙarfin abin da hatsi zai biya. Gurbinsa kayan lambu masu daraja ne, da dashe, da wuraren da ƙasa ta lalace ko ruwa ya yi ƙaranci. A nan fa'idarsa babba ce. Matsakaicin ruwan da kilo guda na tumatir ke ci a duniya an ƙiyasta shi a lita 214, rumfunan Holan kuwa ba sa kai lita 20. Suna girbe sama da kilo 50 a kowace murabba'in mita a shekara, alhali matsakaicin gonakinmu bai kai tan 10 a hekta ba, wato ƙasa da kilo 1 a murabba'in mita. Amma wannan tazara ba rashin ƙasa kaɗai ya kawo ta ba. Akwai sarrafa zafi da sanyi, da tsawon lokacin girbi, da jari, da ilimi.

Kuma abin yana iya karya mutum. A 2023 manyan kamfanoni biyu na Amurka, AeroFarms da AppHarvest, sun ayyana karayar arziki duk da maƙudan kuɗin da aka zuba musu. A yankinmu ga zafi: a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maradi suna kai digiri 40, rumfar da ba a yi mata tsayi da mafitar iska ba takan fi waje zafi, furen tumatir kuwa yakan zube idan zafi ya dawwama sama da digiri 32 zuwa 35. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar da saiwa ke shaƙa sosai. Ga wuta: tsarin da ruwa ke gudana a bututu, idan famfo ya tsaya da rana, 'yan sa'o'i sun isa shukar ta kwanta. Shi ya sa buhun zaren kwakwa ko ɓuntu, wanda ke riƙe damshi, ya fi dacewa da mu, haka ma hanyar Bernard Kratky na Jami'ar Hawai, wadda ake noman latas a kan murfin mazubi ba famfo ba lantarki.

Abin tambaya shi ne horo

Ƙasa tana yafe wa manomi kurakurai da yawa. In ya cika taki ta shanye wani, in ya makara da ban ruwa ta ba da ajiyarta. Wanda ya rabu da ita ya ɗauki wannan nauyi a wuyansa, kuma nan ne ainihin haɗarin yake. Kowace safiya sai ya auna tsamin ruwa, ya tabbata yana tsakanin 5.5 da 6.5, domin in lambar ta haura, ƙarfe yakan ƙi narkewa, sababbin ganye su yi fari-fari alhali takin yana cikin tanki. Sai ya auna kaurin ma'adinai. Sai ya san cewa kamfan gona ba ya wadatarwa a nan, kuma ba a haɗa kakkauran takin kalsiyam da mai fosfaras ko farar wuta a tanki guda, don sukan daskare su zauna a ƙasan tanki. Shi ya sa ake raba su gida biyu. Sai ya iya karanta ganye: in tsofaffin ne suka fara rawaya, a duba naitirojin ko maganisiyam, in gindin tumatir ya yi baƙi, kalsiyam ne bai isa wurin ba, sau da yawa saboda ban ruwan da ba ya kan ƙa'ida. Sai ya iya ɗaure shuka a igiya, ya cire rassan da ke fitowa a hammata, ya girgiza fure da hantsi tunda ba iska ba ƙudan zuma a ciki. Sai ya gwada ruwan rijiyar burtsatsensa kafin ya kafa ko sanda ɗaya, don wani ruwan gishirinsa ya yi yawa.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake ƙwarewa a kansa ta kallon bidiyo a waya ko zaman bita na kwana uku a ɗakin taro. Tumatir yana yin mako 3 zuwa 4 a wurin reno, ya yi wata biyu ko fiye bayan dashe kafin a fara tsinka, sannan a yi watanni ana girbi. Wanda bai bi zagaye guda daga ƙwaya zuwa kasuwa ba, bai ga rabin matsalolin ba. A Naaldwijk ta Holan, cibiyar World Horti Center da aka buɗe a 2018 ta haɗa makarantar koyon sana'a da rumfunan bincike da kamfanoni a gini guda, don ɗalibi ya fita daga aji ya shiga rumfa. Mu ma muna da harsashi: Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa a Gombe, da cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT mai reshe a Bagauda, da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da cibiyar binciken noma ta Samaru. Shirin HortiNigeria, wanda Holan ta ɗauki nauyinsa daga 2021, ya koyar da manoman Kano da Kaduna a gonakin gwaji, ido na gani hannu na taɓawa. A Ogun kuma Samson Ogbole yana horar da matasa noma ba ƙasa a cikin rumfa. Irin wannan koyo ne ke raba kayan da za a ci da kwanciyar hankali da waɗanda za a yi shakkarsu.

Saboda haka, ya kai mai saye, kada ka tambayi mai kaya ko tumatirinsa ya taɓa ƙasa, domin amsar ba za ta gaya maka komai game da lafiyarka ba. Tambaye shi da wane ruwa ya yi reno, yaushe ya yi feshin ƙarshe, kuma a ina ya koyi aikin. Sannan ka wanke abin da ka saya, na rumfa ne ko na fadama. Kai kuma matashi mai sha'awar sana'ar, kada ka sa kuɗinka ko na iyayenka a leda da bututu sai ka yi zagaye guda cikakke a ƙarƙashin wanda ya iya, ka fara da kaɗan, ka san mai sayen kayanka tun kafin ka shuka. Makarantunmu na noma kuma su buɗe rumfunansu ga manoma da matan gida, su koyar da harshen da mutane ke ji. Allah Ya sa albarka a noman ƙasa da na rumfa baki ɗaya.